Ɗana ya kusa gama karatun injiniya, me ya sa shugaban sashensu ya hana shi gina mini bene?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Jos. Ɗana na fari yana ajin ƙarshe a fannin injiniyan gine-gine, saura 'yan watanni ya fito. Ina da fili, ina so in ɗora bene mai hawa biyu, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Na ce ya zana mini kuma ya tsaya a kan aikin, sai ya dawo ya ce shugaban sashensu ya gargaɗe shi kada ya kuskura, wai bai kai ba. Shekara biyar ina biyan kuɗi, ban da ƙarin da yajin aiki ya jawo. In bai iya wannan ba, me aka koya masa? Ko dai malaman so suke aikin ya faɗo hannunsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya, ya sa ka ci moriyar wahalarka. Na koyar a tsangayar injiniya, na taɓa riƙe sashe, yanzu kuma aikin duba gine-gine nake yi tsakanin Jos da Abuja. Gaskiyar magana, shugaban sashen nan alheri ya yi maka, kuma da ni ne a kujerarsa abin da zan gaya wa yaron ke nan.

Bari mu fara da doka, tunda ita ba ta da tsawo. A Najeriya digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin sa hannu a lissafin gini. Wannan iko yana hannun hukumar COREN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 55 ta 1970, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake ƙara mata ƙarfi da gyaran 2018. Wanda ya fito daga jami'a sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki a ƙarƙashin injiniya mai rajista, ya rubuta rahoton ayyukan da hannunsa ya taɓa, manya masu rajista su tsaya masa, sannan ya zauna gaban kwamiti a yi masa tambayoyi. In ya tsallake, a ba shi lambar rajista da hatimi. Kafin nan, ko da duk unguwa na kiransa Injiniya, a wurin doka mai neman ƙwarewa ne. Ranar da ka kai takardun benenka hukumar raya birnin Jos, JMDB, neman izinin gini, hatimin nan za a nema a kan zanen rodi da ginshiƙai, ɗanka kuwa ba shi da shi. Na san dabarar da wasu ke yi: yaro ya zana, a kai wa wani mai hatimi ya buga, a ba shi na goro, ko lissafin bai buɗe ba. Ka nisanci wannan. Takarda za ka samu, amma ginin ba wanda ya duba shi.

Akwai ma wani abu da mutane ke haɗewa. Tsara ɗakuna da ƙofofi da matakala da inda iska za ta shiga aikin akitet ne, su ma da tasu hukumar rajistar, ARCON. Injiniyan gini shi ke karɓar wannan zanen ya lissafa abin da zai ɗauki nauyinsa. Ka ga ashe aikin mutum biyu ka ɗora wa yaron.

Yanzu ga tambayarka ta me aka koya masa. Shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri. Ta biyu ana haɗa su da sauran ɗaliban injiniya a yi zanen injiniya, aikin hannu a ɗakin injina, ƙarfin ƙarafa da yadda ruwa ke gudu a bututu. Sai a shekara ta uku ne yake shiga fanninsa sosai, kuma fannin nan faɗi gare shi: hanyoyi, gadoji, ruwan sha, magudanai, halayen ƙasa, safiyo. A ta huɗu zango ɗaya kawai yake yi a aji, sauran wata shida ya tafi koyon aiki. Ta biyar kuma furojet ya cinye rabin hankalinsa. In ka tace duka, darussan da suka shafi lissafin ginin kankare kai tsaye ba su wuce 'yan kaɗan ba. Ya san yadda ake lissafa bim, wato gungumen kankaren da ke kwance bisa ginshiƙai, da dekin da ginshiƙi, ko da ƙa'idar Ingila ta BS 8110 da har yanzu ake yawan amfani da ita a nan, duk da su Ingilan sun ajiye ta tun 2010 sun koma ƙa'idar Turai. Amma a aji malami ne ke ba shi nauyin da zai yi lissafi da shi, ya ba shi ƙarfin ƙasa, ya ba shi ƙarfin rodi. A filinka ba mai ba shi ko ɗaya. Shi zai nemo su, kuma a nan ne sabon hannu ke yin kuskure.

Wannan giɓin ba sabo ba ne, kuma an daɗe ana neman maganinsa. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke kan titin Miango a nan Jos, ita ta ƙirƙiro shirin koyon aiki na ɗalibai, SIWES, a 1973, saboda masu masana'antu na kukan cewa ana kawo musu masu digiri da ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Wata shidan da ɗanka ya yi a aji huɗu shi ne wannan shirin. Ka tambaye shi inda ya yi nasa, da abin da ya yi kullum. In ya ce a wurin gini ya yi, ya ga an haƙa fandisho an zuba dekin, to ya samu wani abu. In kuma a ofishin ma'aikata ya zauna yana jiran a tashi, ya cike littafinsa a gida, to ka san inda yake.

Ka duba nauyin abin da kake shirin ɗorawa. Dekin mai kaurin milimita 150, kowace mita ɗaya murabba'i tana da nauyin kusan kilo 360. A ce gininka mita 12 ne da mita 15, dekin ɗaya kaɗai ya doshi tan 65, wato nauyin buhun siminti 1,300, fiye da lodin tirela biyu, a rataye bisa kan mutane. Hawa biyu kuwa, ka ninka. Ba a sa bulo ba tukuna, ba a sa tayil ba, ba tankin ruwa, ba 'yan haya da kayansu. Kuma irin ginin da ka siffanta yana cikin masu wuyar sha'ani, ko da yake a ido kamar mai sauƙi ne. Mai shago ba ya son ginshiƙi a tsakiyar shagonsa, yana son ƙofa mai faɗi. A sama kuma ɗakunan haya ƙanana ne, bangonsu ba ya hawa kan bangon ƙasa. Ma'ana akwai bangon da zai tsaya a tsakiyar dekin, wani lokaci har ginshiƙi ya tsaya a kan bim, ba a kan ɗan'uwansa ba. Irin wannan ko wanda ya shekara goma a aiki sai ya sa wani ya sake duba masa lissafi. Sannan mun san halin kasuwa: ɗakin da aka lissafa don gado da kujera, bayan shekara biyu sai ka tarar an mai da shi sito an cika shi da buhunan masara. Wanda ya daɗe a aiki yana sa wannan a ransa tun a zane.

Ƙasar Jos ma tana da nata halin. An shafe shekaru da dama ana haƙar kuza a kan tudun nan tun farkon ƙarni na 20, ga kududdufan nan birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Wasu ramukan an cike su, ciyawa ta fito, an yanka filaye an sayar. A wani wurin kuma ka haƙa ƙafa biyu ka ci karo da dutse. Mafi haɗari shi ne filin da rabinsa ke kan dutse, rabi kan ciko: gefe ɗaya ya zauna daram, ɗayan ya riƙa nitsewa a hankali, bango ya tsage daga kusurwar taga. Ba a gane wannan da ido. Sai an yi gwajin ƙasa, kuma sai an samu wanda ya iya karanta sakamakon ya zaɓi irin fandishon da ya dace.

Sai aikin fili kansa, wanda shi ne ba a koyarwa a allo. Rodin da aka sayar maka da sunan milimita 12, in tsawonsa mita 12 ne ya kamata nauyinsa ya kai kusan kilo 10.7, na milimita 16 kuma kusan kilo 19. Akwai wanda in ka ɗora a sikeli ba ya kaiwa. Kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu yana cin kimanin buhu 6 a kowace kubik mita ɗaya ta kankare, amma in ba a tsaya ba leburori za su ƙara yashi, su ƙara ruwa don kwaɓin ya yi musu laushin ɗauka, kuma ruwan nan da ya yi yawa shi ke kashe ƙarfin kankare. Akwai tazarar da ake bari tsakanin rodi da katako don kankare ya rufe ƙarfen kada ya yi tsatsa. Akwai rodin saman baranda mai fitowa waje, wanda in aka tattake shi ya koma ƙasa lokacin zubi, barandar ta zama tarko. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa, a kwana 7 bai wuce kusan kashi biyu cikin uku ba, kuma a hunturun Jos, da sanyi da busasshiyar iska, in ba a yi ta ba shi ruwa ba ya bushe bai nuna ba. Kafinta kuwa yana son ya cire katakonsa da wuri ya kai wani aikin. Ɗanka ya karanta yawancin waɗannan. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya tsaya gaban birkilan da ya girmi ubansa, wanda ya shekara talatin yana gini, ya ce masa a fasa wannan a sake.

A nan ne nake so ka saurare ni da kyau, Alhaji, domin ina jin wannan ne ainihin abin da shugaban sashen ya hango ko da bai faɗa ba. Babban aikin injiniya a wurin gini shi ne ya iya cewa a'a, kuma wanda ya fi yawan shan wannan a'a ɗin shi ne mai ginin. Rana za ta zo da kuɗin siminti zai tashi ana tsakiyar aiki, birkila ya matso ya ce maka, Alhaji, rodin nan ya yi yawa, gidan wane da rabin wannan muka yi shi, ga shi nan tsaye. Kai kuma ka juya ka ce wa ɗanka a rage. Yaron da ka haifa, ka yi masa tarbiyya, wanda bai taɓa musa maka ba, kuma har yanzu a gidanka yake cin tuwo, yaya zai yi? Ko ya yi shiru ya bi, ko ya yi gardama a gaban leburori a ce boko ya sa ya raina mahaifinsa. Injiniyan da ka ɗauko daga waje zai iya rubuta maka takarda ya ce in aka rage ba ruwansa, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ɗanka ba shi da wannan ƙofar. Mu a Jos ba sai an ba mu labarin abin da rushewar bene ke yi ba. Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta a Busa Buji ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Duk inda irin wannan ta faru, tambayar farko ita ce wa ya zana, wa ya amince, wa ya tsaya a kan aikin. Ba za ka so amsar ta zama sunan ɗanka ba, tun bai karɓi takardar hidimar ƙasa ba.

Game da zarginka cewa malamai aikin suke so: ba zan ce babu malaman da ke neman aikin waje ba, akwai, kuma in suna da rajista halal ɗinsu ne. Amma gwajin mai sauƙi ne. Ya ce wa yaron a kawo masa aikin? Bisa ga abin da ka rubuto, cewa ya yi kada yaron ya yi. Kana da 'yancin ka ɗauki duk mai rajistar da ka ga dama, a Jos ko a Abuja, ka kuma nemi lambar rajistarsa ka tabbatar da ita a wurin COREN kafin ka ba shi ko sisi.

Mutane da yawa ba su san nauyin da ke kan shugaban sashe da shugaban tsangaya ba. Darajar takardar da ɗanka zai karɓa a hannunsu take. Hukumomi biyu ne ke zuwa tantance karatun injiniya, NUC ta fuskar jami'a, COREN ta fuskar sana'a, su ƙirga malamai, su shiga ɗakunan gwaji su ga ko injinan na aiki, su ɗauko takardun jarrabawa da furojet na ɗalibai su karanta. In sashe ya faɗi, ɗalibansa ne ke kwana a ciki. A 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da karatun injiniya a Jami'ar Abuja, tare da likitanci da likitancin dabbobi da aikin gona, saboda rashin cika sharuɗɗan tantancewa, ɗalibai suka yi ta zaman jira kafin a warware matsalar. Kuma tun 2023, da aka karɓi COREN a matsayin mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Kanada da Ostireliya ke amincewa da tantancewar juna a ƙarƙashinta, awon ya ƙara tsanani: ana tambayar abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya fito, har da sanin iyakarsa da ɗa'ar sana'a. Malamin da ya ce wa ɗalibinsa bai kai ba, darasin da ke cikin manhaja ya koyar.

Inda nake ganin laifinmu mu malamai shi ne mukan tsaya a hani. Mu ce kada ka yi, mu yi bikin yaye ɗalibai, a ɗauki hoto da hula, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Yaro ya tafi hidimar ƙasa a tura shi makarantar sakandare ya koyar da lissafi, ya dawo ya shekara uku yana sayar da kayan waya, ranar da ya nemi rajista ba shi da aikin da zai rubuta a rahoto. Shugaban sashe na ƙwarai yana da lambobin tsofaffin ɗalibansa da ke ma'aikatar ayyuka, da hukumar raya birnin Abuja ta FCDA, da kamfanonin gine-gine, kuma kiran waya ɗaya daga gare shi ya fi takardar neman aiki ashirin. Sai dai ɗalibai sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan, wanda ya matsa shi ake tunawa.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. Ka shirya ka je ofishin shugaban sashen da kanka, kai da yaron. Ka yi masa godiya, sannan ka roƙe shi abu biyu. Na farko, ya ba ka sunayen injiniyoyi masu rajista biyu ko uku da ya yarda da aikinsu, ka zaɓa da kanka. Na biyu, ya taimaka wa yaron da wasiƙa zuwa kamfani ko ma'aikatar da za ta neme shi lokacin hidimar ƙasa, domin shekarar ta shiga lissafin shekaru huɗun nan. Shi kuma yaron, kafin ya bar makaranta, ya tabbatar ba shi da darasin da ya rage, sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardun JAMB da na makaranta da katin ɗan ƙasa, domin harafi ɗaya kan hana mutum tafiya hidima tare da 'yan ajinsa. Ya yi rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE a matsayin sabon mai digiri, ya riƙa zuwa taron reshen Jos. A can zai haɗu da waɗanda za su tsaya masa nan gaba. Ya kuma zauna ya ƙware a manhajar zane ta AutoCAD da ɗaya daga cikin manhajojin lissafin gini, amma ya riƙa gwada amsar kwamfuta da lissafin hannu.

Benen naka kuwa kada ka cire yaron daga ciki, domin dama ce da 'yan ajinsa da yawa ba za su samu ba. Ka sa a cikin yarjejeniyarka da injiniyan da ka ɗauka cewa ɗanka zai yi aiki a ƙarƙashinsa. Yaron ya yi nasa lissafin daban, ya kai a gwada da na injiniyan, ya ga inda suka saɓa da dalili. Ya kasance a fili kullum da littafinsa: buhu nawa aka kwaɓa, rodi nawa aka ɗaura, yaushe aka zuba, yaushe aka cire katako. Shi zai auna rodi in an kawo, shi zai cika 'yan akwatunan gwaji na milimita 150 da kankare ranar zubi, ya kai ɗakin gwaji a fasa a kwana 7 da kwana 28, ya ajiye sakamakon da hotuna. In ya ga abin da bai gane ba ko bai yarda da shi ba, injiniyan zai kira, injiniyan ne kuma zai yi magana da kai da birkila. Ka yanka masa albashi ko yaya yake, kuma a gaban ma'aikata ka bar kiransa da sunan gida. A ƙarshen aikin injiniyan ya sa masa hannu a littafin, domin shi ne shafin farko na rahoton da zai kai COREN.

Kuɗin akitet da injiniya da gwajin ƙasa za su yi maka kamar ƙari ne a kan abin da ka tsara, amma in ka gwada su da kuɗin ginin gaba ɗaya za ka ga ba su taka kara sun karya ba, kuma sau da yawa lissafi mai kyau yana rage rodin da birkila zai zuba don tsoro a inda ba a buƙata. Ka fara da gwajin ƙasar tun yanzu, kafin akitet ya ja layi ko ɗaya, kuma ka sa yaron ya je ya tsaya ranar da za a haƙa.